Wace kalma za mu ba ITCZ da Hausa?

Jama'a, masu fassara hasashen yanayi a gidajen rediyo na shan wuya da wannan ITCZ, wato taƙaitaccen sunan Turanci na Intertropical Convergence Zone. Wuri ne da iska biyu ke karo: busasshiya mai tasowa daga Sahara ta arewa maso gabas, da mai laima da ke zuwa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma. Ba ya zama waje ɗaya, bin rana yake. A Janairu yana can kusa da gaɓar teku wajen Legas, a Agusta kuwa ya wuce Agadas.

Zafinmu da sanyinmu na shekara suna rataye da wannan kai-komo. In ya yi kudu, iskar Sahara ta mallake mu, ta kwaso ƙura daga kwarin Bodele na Chadi: hazo ya rage ƙarfin rana, da dare kuma babu laimar da za ta riƙe ɗumi, sai asuba ta yi jaura. Hunturu ke nan. A Afrilu rana ta dawo tsakar ka, gajimare bai iso ba, shi ya sa Sakkwato da Yamai ke haura digiri 40. In ITCZ ya wuce mu zuwa arewa, hadari ya rufe sama, Agusta ta yi sanyi-sanyi. Legas da ke shan iskar teku kusan duk shekara ba ta san irin wannan hawa da sauka ba.

Na ji ana cewa "layin ruwa". Ban yarda da ita ba, domin ruwa mai ƙarfi ba a kan wurin yake zuba ba, yana biyo baya ne da ɗaruruwan kilomita ta kudu. Manomi zai iya jin layi ya iso garinsu ya yi shuka, iri ya ƙone.

"Mahaɗar iskoki" kuma, Bahaushe na jin iskoki hankalinsa zai tafi ga bori.

Ni dai "magamar iska" na zaɓa. Muna da magamar ruwa, inda koguna biyu suka gamu, kuma kalmar na shiga jimla ba gargada: "Magamar iska ta iso Zariya, Katsina sai a ƙara haƙuri da zafi." Malamanmu na labarin ƙasa, musamman 'yan'uwa na Nijar da ke fassarowa daga Faransanci, ku gwada ta a aji ku gaya mana yadda ɗalibai suka karɓe ta.