Rinin gashi ya ɓaci, a taimaka da shawara

Ummin Hanan: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya na rina gashina da kaina, irin na kwali, hoton jikinsa ruwan zuma ne. Da na wanke sai ga tushen gashin ya yi ruwan goro, tsakiya ruwan ƙasa, ƙarshen kuma baƙi wuluk. Ina son in sayo wani kwalin in maimaita yau. Ya kuka gani?

Anti Rabi: Wa alaikumus salam. Kar ki kuskura.

Zizi: Kala uku a kuɗin ɗaya, ai riba kika ci 😂

Maman Tagwaye: Kin taɓa yin baƙin rini a baya?

Ummin Hanan: Na yi, watannin baya, saboda 'yar furfura.

Maman Tagwaye: To nan gizo ke saƙa. Rini ba ya cire rini. Wanda kika shafa jiya ya kama sabon tohon da bai taɓa ganin rini ba, ga kuma zafin fatar kai da ke sa na tushe ya yi saurin ci. Ƙarshen kuwa tsohon baƙin na nan daram. Ko kwali goma kika ƙara, tushen ne zai yi ta haske yana ƙonewa, ƙasan yana nan yadda yake. Shi baƙin gashi in ana ɗaga kalarsa sai ya bi ta ja, ya bi ta ruwan lemo, kafin ya kai ruwan ɗorawa. Naki a hanya ya tsaya.

Hajiya Babba: Ummin Hanan, tsaya in tambaye ki, yaushe rabonki da rilaksa? Ina tambaya ne don abin da ya same ni. Ni ma haka nawa ya fito, na tafi salun a fusace na ce a gyara. Yarinyar ba ta tambaye ni komai ba, ta dama bilic (sinadarin koɗar da kalar gashi) da ruwan haɗi mai lamba 40, wato kashi 12 cikin ɗari na hydrogen peroxide, ta laɓta mini a kan gashin da bai daɗe da shan rilaksa ba. Tun ina zaune nake jin kaina na zafi, ta ce ai alamar yana aiki ne. Da aka zo wanki, ina kallon gashina yana bin ruwa. In ka ja sili ɗaya sai ya miƙe kamar cingam, ba ya komawa, sai ya tsinke. Mataji kuwa ko kusa. Na sha man gashi iri-iri, babu wanda ya dawo da abin da ya riga ya mutu, ƙarshenta almakashi ne ya raba gardama. Kuma gashi wajen santimita ɗaya yake tsirowa a wata, ki lissafa da kanki. Don haka kafin komai ki jiƙa sili ɗaya ki ja a hankali. In ya miƙe kaɗan ya koma, da sauran ƙarfinsa. In ya yi ta miƙewa, ki bar duk wani sinadari, ki koma kan kwandishina mai furotin da mai sa laushi, makonni.

Ummin Hanan: Innalillahi. Sannu Hajiya. Rilaksa na daɗe ban yi ba.

Hajiya Babba: Alhamdulillahi, kin tsira da wannan.

Fati: Ni dai da ni ce, baƙi zan sake maka masa gaba ɗaya in huta.

Anti Rabi: Baƙin da ya jawo matsalar tun farko?

Fati: Anti ai ba ruwan zuman take nema yanzu ba, mafita take nema.

Anti Rabi: Mafitar da za ta ƙara ɗaure ta. Kuma ki sani rini mai duhu ya fi yawan PPD, sinadarin da ke kumbura wa wasu fuska da ido. Don bai taɓa yi miki ba, ba shi ne ba zai yi ba. Shi ya sa takardar cikin kwali ke cewa a gwada a bayan kunne a jira awa 48.

Zizi: Akwai mai karanta takardar nan kuwa? Ni safar hannun kawai nake cirewa.

Maman Tagwaye: Mu koma kan tambaya. Tushen da ya yi ruwan lemo, shamfu mai shuɗi ke kashe kalar. Mai shunayya na ruwan ɗorawa ne, kar ki saya ki ce bai yi ba. In kina so ya haɗu da sauran, nemi rini marar ammoniya, ruwan ƙasa mai duhu wanda aka rubuta ash, wato mai toka-toka, ki shafa a tushen kaɗai, bayan kamar mako biyu.

Baraka: Ta shafa lalle kawai.

Maman Tagwaye: A kan ruwan goro? Ƙara ja zai yi. Kuma lalle in ya kama ba ya fita, wasu na kwali ma ana haɗa su da sinadaran ƙarfe da ba sa jituwa da peroxide.

Baraka: Ni shekara da shekaru nake yi ban ga komai ba.

Maman Tagwaye: Ke ba ki taɓa bin sa da bilic ba ne.

Baraka: Kowa dai ya zama likitan gashi a nan.

Fati: Wai da gaske ne bitamin C yana cire rini?

Anti Rabi: Yana koɗar da shi kaɗan. A daka ƙwayoyin a haɗa da shamfun amosani, amma yana busar da gashi sosai. Akwai kuma ainihin mai cire rini da ake sayarwa, shi ba bilic ba ne, sai dai warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma sai an yi ta ɗauraya, in ba haka ba baƙin ya dawo.

Zizi: Ni matsalata goshi da kunne, duk sun yi baƙi tun shekaranjiya.

Hajiya Babba: Goga man zaitun da auduga. Gaba ki riƙa zagaye goshin da basilin kafin ki fara.

Ummin Hanan: To in fara da shamfu mai shuɗin ko mai cire rinin?

Baraka: Zizi turo hoton kunnen mu gani 😂