"On time" ko "in time": wane littafi zan saya wa yarinyata?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ilham za ta zauna WAEC bana, amma "on time" da "in time" sun hana ta sakat. Wane littafi zan saya mata?

Malam na Tudun Wada: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki nemi English Grammar in Use na Raymond Murphy, mai shuɗin bango. Darasi guda ya ware wa waɗannan biyun, haɗe da "at the end" da "in the end". Kafin nan ki ce mata "on time" shi ne cif-cif a kan lokacin da aka sa: an ce jirgin ƙasa zai bar Rigasa ƙarfe 8, ya kuma tashi 8. "In time" kuwa ka iso kafin abu ya wuce ka. Wanda ya riski liman a ruku'u ya samu raka'a, shi ne "just in time".

Autan Hajiya: Malam, Allah ya ƙara ilimi. Misalin ruku'un nan ya zauna min.

Abban Sadik: Ni wallahi ba waɗannan ne suka ƙona ni ba. Shekarar da na gama bautar ƙasa wani kamfani ya kira ni intabiyu, na ci, suka ce in kawo takarduna "within a week". Na ɗauka bayan mako guda ake nufi. Na koma gida na zauna, har ɗinki na kai saboda ranar. Kwana na takwas na je da fayil ɗina a hammata, sakatariya ta duba takarda ta ce tun jiya aka rufe, an ba wani. Ashe "within" kafin makon ya cika ne, "in a week" shi ne bayan mako. Rannan tun daga bakin get har gida a ƙafa na taka, ban ma san na yi ba. Don Allah a koya wa yara wannan da wuri.

Anti Bilki: Allah sarki. Allah ya musanya da mafi alheri.

Ɗan Zazzau: "It's high time we start teaching them" kam.

Malam na Tudun Wada: "Started" ake cewa, ɗan'uwa. Bayan "high time we" aikatau na shuɗewa yake zuwa.

Ɗan Zazzau: Haba Malam, abin da ba a fara ba? Har a rediyo "start" nake ji.

Malam na Tudun Wada: Buɗe ƙamus ɗin Oxford ka duba. A jarrabawa maki zai ci maka.

Ɗan Zazzau: Zan duba, amma ban gamsu ba tukuna.

Anti Bilki: Maman Ilham, in kin je saye ki duba ƙarshen littafin. Akwai bugu mai amsoshi, akwai marar amsoshi. Mai amsoshin za ki ɗauka.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. A Sabon Gari zan samu ko sai na aika Abuja?