Hilux mai injin 22R: maganin wanke kabon zan fara zubawa ko fulogi zan canza?

Mai Akori-kura:

Assalamu alaikum manyan makanikai. Motar Toyota Hilux ce ƙirar 1989, injin 22R mai kafireto, aikin dakon kaya take yi. Idan ta ɗau lodi ta kama hawa, sai a ji ƙara a inji kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani. Wani lokaci kuma a kashe makulli, inji ya ci gaba da karkarwa na 'yan daƙiƙu kafin ya mutu. Fulogi ba sa wata biyu sun yi baƙi. Shin magungunan nan da ake zubawa a tanki suna wanke kabon da gaske? Kuma idan aka sa mata fulogin iridiyum, baƙin zai daina? Allah ya saka da alheri.

Bakaniken Toyota:

Wa alaikumus salam, Malam. Ajiye maganar sayen magani tukuna, ka kwance fulogin huɗun nan da safe inji na da sanyi, domin kan silindar 22R na alminiyum ne, kwancewa da zafi na iya cinye zaren ramin. Jera su daga na 1 zuwa na 4, kada ka cakuɗa su. Su za su faɗa maka ciwon motar.

Baƙi iri biyu ne. Idan busasshe ne kamar kunkunniya, ka shafa ya bi yatsa, fetur ne ya yi wa iska yawa. Idan jiƙaƙƙe ne yana maiƙo, baƙin mai ne ke shiga ɗakin ƙuna, ko ta sil ɗin bawul ko ta ringin fistin. Lafiyayyen fulogi launin ƙasa-ƙasa yake yi.

Busasshen baƙi a duka huɗun, to kafireto za ka tuhuma. Fara da matatar iska. Mota mai bin hanyar burji, musamman lokacin hunturu, tana toshe ta da wuri, iska ta ragu, fetur ya rinjaya. Sai cok, faifan da ke rage iska lokacin da inji ke da sanyi: bayan inji ya yi zafi, cire murfin matatar ka leƙa, faifan cok ya kamata ya tsaya a miƙe, a buɗe sarai. Kafireton Aisan na wannan inji yana da ɗan gilashi a jikin kwanon mai. Mota na tsaye a daidaitaccen wuri, inji na silo, fetur ya tsaya a tsakiyar gilashin. In ya haura, ko fulot, abin da ke yawo a kan fetur yana tsayar da shigarsa in kwanon ya cika, ya sha mai ya yi nauyi, ko allurarsa ba ta rufewa. Wasu daga cikin kafireton nan kuma suna da ƙaramin famfon taimako da ake kira AAP. Robarsa ta ciki in ta huje, siririn tiyon da ke jikinsa zai riƙa zuƙar ɗanyen fetur kai tsaye zuwa inji. Zare tiyon, in ka ga danshin fetur a ciki, ka kama ɓarawon.

In kuwa maiƙo ne, auna matsin silinda. Ma'aunin Toyota na 22R shi ne psi 171, mafi ƙaranci 142, kuma bambanci tsakanin silinda da silinda kada ya wuce 14. Wadda ta gaza, ɗiga mata cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi ka sake aunawa. Matsi ya tashi, ringi ne. Bai motsa ba, bawul ne ko gaskit. Babu ruwan kwalbar da ke mayar da ƙarfen da ya cinye, wannan sai garambawul.

Kabon da ka ji ana faɗa sakamako ne. Ka wanke shi yau ba ka gyara abin da ke haifar da shi ba, zai dawo.

Injiniyan Mai:

Oga ya yi gaskiya a kan tsarin aiki, amma kada a ɗauka magungunan duk na banza ne. Alamomin nan biyu, ƙarar tsakuwa a hawa da ƙin mutuwar inji, sun yi daidai da kabon da ya taru a kan fistin. Yana cinye wani ɓangare na ɗakin ƙuna, matsi ya ƙaru, sannan gefensa na riƙe zafi kamar garwashi ya kunna fetur ba tare da jiran fulogi ba.

Abin dubawa a jikin kwalba shi ne sinadarin PEA. Shi ne ke jure zafi har ya isa ɗakin ƙuna, yana sassauta dauɗar a hankali ta fita ta salansa. Techron na kamfanin Chevron da Red Line SI-1 suna cikin waɗanda aka sani da shi. Kwalbar Techron mai mililita 355 an yi ta ne don fetur kusan lita 45. Zuba maganin kafin a ɗura mai domin su gauraya, sannan a ƙone tankin nan a doguwar tafiya, inji na da zafi, ba a zirga-zirgar cikin gari ba. Ninka awo ba ya ƙara komai sai ɓarnar kuɗi. Ka daidaita shi da lokacin juye, wato ka zuba ana saura tanki ɗaya a canza baƙin mai, saboda wani kaso na maganin yana zurarewa ta gefen ringi ya shiga cikinsa.

Masu arha da yawa ba su wuce man narkarwa mai kama da kananzir ba. Suna iya wanke danƙon fetur a jet ɗin kafireto, amma ƙeƙasasshen kabon ya fi ƙarfinsu. Kuma a tsohon tanki mai tsatsa, kowane magani zai tayar da datti, don haka ka tanadi sabuwar matatar fetur ka sa bayan tankin ya ƙare.

Akwai kuma wankin da ake yi ta bakin kafireto, ko da maganin da ake kira Sea Foam ko da ruwa zalla, wanda ke zama tururi ya ɓamɓare kabon. Yana aiki da sauri, amma a nan ake kashe inji. Ruwa ba ya matsuwa. In ya shiga silinda da yawa lokaci guda, fistin ya taso ya tarar da shi, kon-rod, sandar ƙarfen da ke riƙe da fistin, ce za ta lanƙwashe. Mai son yi ya bari inji ya kai cikakken zafinsa, wani ya riƙe totur a wajen juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti, a yi amfani da kwalbar feshi mai fitar da raɓa-raɓa, ba kwarara ba. Inji ya fara shaƙewa, a dakata ya warware. Kofi ɗaya a cikin minti goma ya isa. A yi shi a fili saboda hayaƙi, kuma da tsofaffin fulogi, domin duk dattin da ya tashi a kansu zai sauka.

Wani abu da ake mantawa: fetur ɗin 'yan bumburutu da aka surka da kananzir yana kawo irin wannan ƙara ko da inji fes yake, saboda kananzir na rage juriyar fetur ga matsi. Gwada cikakken tanki ɗaya daga gidan mai kafin ka yanke hukunci.

Mai Sayar da Kayan Gyara:

Alhaji, iridiyum ba zai hana baƙi ba. Amfaninsa daɗewa ne, an yi shi don injin zamani da ke ƙona mai daidai, wanda ake son fulogi ya yi shekaru ba a taɓa shi ba. A injin da ke tara kunkunniya, zai yi baƙi a wata biyun nan dai, ka yi asarar kuɗi ninki-ninki. Ga shi kuma tsadarsa ta sa ya fi yawan jabu a kasuwa.

Na 22R shi ne NGK BPR5EY ko Denso W16EXR-U. Tazarar baki milimita 0.8, ka auna kowanne da fila-gej, siraran ƙarafan auna tazara, ko da sabo ne daga kwali. Lanƙwasa ƙugiyar waje kawai, kada ka danni tsinken tsakiya. Fara ɗaurawa da hannu har ya zauna, sannan ka ƙarasa da sufana mai awo a Nm 18. Wanda ba shi da ita, rabin juyi bayan wasa, zoben ƙarfen da ke gindin zaren fulogi, ta taɓa ya wadatar a sabon fulogi. Tsohon da aka mayar kuwa ɗan motsi kaɗan ne, domin wasarsa ta riga ta matse. Kada a shafa giris a zaren, yana sa a wuce gona da iri wajen ɗauri ba a sani ba. Ka hura ramin kafin ka kwance, kada yashi ya faɗa silinda.

Lambar 5 ɗin nan da ke cikin BPR5EY ta zafin fulogi ce, kuma nan mutane ke rikicewa. A NGK da Denso, lamba na hawa fulogi na ƙara sanyi. A Bosch da Champion akasin haka ne. Bakin fulogi yana bukatar ya kai wajen digiri 450 zuwa 500 na ma'aunin Salshiyas kafin ya ƙone dattin kansa, in ya haura 800 kuma shi da kansa zai fara kunna fetur kafin lokaci. Shi ya sa dabarar saukowa zuwa lamba 4 don ɓoye shan baƙin mai take da haɗari a motar da ke ƙara a hawa: ana iya huda fistin. Lamba 6 kuma za ta ƙara maka baƙin. Tsaya a 5.

Wayoyin fulogi ma a auna su da mita, kowace kada ta wuce kilo-om 25. Jerin wutar 1-3-4-2 ne, cire ɗaya-ɗaya kada su rikice.

Mai Akori-kura:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. An kwance su, busasshen baƙi ne duka huɗun. Idan an gyara kafireto an yi wankin amma ƙarar ba ta tafi ba fa?

Bakaniken Toyota:

To sai tayimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, Malam. A haska shi da fitilar tayimin a bi abin da aka rubuta a takardar da ke liƙe a ƙarƙashin bonet, kada a saita da kunne, domin masu saitawa da kunne kan tura shi gaba don mota ta ji ƙarfi. In motarka na da bawul ɗin EGR, mai mayar da ɗan hayaƙin salansa cikin inji don rage zafin ƙuna, kwance shi ka duba hanyarsa. Kabon na toshe ta, zafin ƙuna ya ƙaru, kuma maganin tanki ba ya bi ta wurin, sai an kankare da waya. Lagireton da ya toshe ma yana sa ƙarar.

Na ƙin mutuwa kuwa, sauke silo zuwa wajen juyi 750 a minti, sannan ka gwada solinoyid ɗin yanke mai da ke jikin kafireto: a murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, ka kasa kunne, za ka ji ɗan ƙas. Shiru, to ko wayarsa ko shi kansa.

Ka kuma tabbatar daga ina ƙarar ke fitowa. 22R na waɗannan shekarun yana da sarƙar tayimin mai layi ɗaya da madogaran roba, suna karyewa in sun tsufa. Tata ƙarar daga gaban inji take, ta fi fitowa da an tayar da mota da safe, ba sai an ɗau lodi ba. In ita ce, kada a ja lokaci, domin sarƙar na goga murfin tayimin har ta huda hanyar ruwa, ruwan lagireto ya gauraya da baƙin mai. Buɗe murfin bawul ka haska tocila ƙasa ta gefen sarƙar, za ka ga ko madogarin yana nan ko ya gutsure. Tunda murfin na buɗe, a saita bawul inji na da zafi: milimita 0.20 na shigar iska, 0.30 na fitar hayaƙi.