Musayar waƙa: kuran ya tafi, mata uku sun haye

Mai Shayin Zariya

Salamu alaikum ƴan fada. Yau Alhamis 3 ga Agusta 2023, ranar bikin ƴancin kan ƙasarmu Nijar, kuma yau aka rufe wasannin rukuni na kofin duniya na mata a Ostareliya da Niyuzilan. Ƙasashe 32, rukuni 8, biyu-biyu suka wuce. Ni dai a waya na ga na yau, batir na kuka, don kwana biyun nan kuran, wato wutar lantarki, sai a hankali. Ƙa'ida kamar kullum: mai amsawa ya amsa da baiti, zance kaɗan. Amsa-amon yau "ya".

Da sunan Allah na hura gawayina,
Na jera kofuna bisa tirena,
Ku matso fada ku ji baitukana,
Kan ƙwallon mata na kofin duniya.

Ƙasa huɗu Afirka ta aika,
Uku sun haye, guda ta sauka,
Tun da aka fara ba a ga haka,
Wadda ta rage a baya Zambiya.

Maroko, Afirka ta Kudu, ku duba,
Da maƙwabtan da ba mu taɓa rabuwa ba,
Sun ja kuran, ba mu ji daɗi ba,
Amma na yi wa matansu tafi, Najeriya.

Alhamis waccan nake tunawa,
Yamai ta kwana soja na sanarwa,
Mu ko a fada muna ta leƙawa,
Rabi labarai, rabi Ostareliya.

Malamin Lakwal

Mai shayi, zubo mini na farko mai ɗaci, in yi maku lissafin Najeriya.

Rukunin B, ku miƙo mini alli,
Nasara maki uku, shi ne asali,
Canjaras ɗaya, ku riƙe misali,
Mai faɗuwa ba shi da ko ƙwaya.

Da Kanada aka tashi babu ci,
Uku da biyu aka ba mai gida ɗaci,
Da Ailan raga ta kwana ba abinci,
Biyar ke nan, ba ragi ba ƙarya.

Ostareliya shida, ta hau sama,
Kanada huɗu, ta sha huɗu kuma,
Zinaren Tokiyo bai cece ta ba ma,
Ailan ta koma da maki ɗaya.

Ɗiyar Mokoyo

Malam ka ƙirga, ka mance hannu,
Chiamaka Nnadozie, yarinya sannu,
Ta tsare ƙofa kamar garken shanu,
Kura ta zo ta koma da baya.

Sinclair ta Kanada mai shekara arba'in,
Ta ci wa ƙasarta ɗari da tasa'in,
Ta aje penalti minti na hamsin,
Gola ta faɗa ta tare hanya.

Uku da rabi na dare aka take,
Ni da ƙanwata ido a farke,
Ladan ya yi kira, numfashi a ɗauke,
Sai da aka busa na aje waya.

Da wannan ƙwallo ya shiga, Malam, allonka duka sai an goge.

Baba na Limanci

Yara, na karanta. Ni ba ni kallo, jikana ne ya nuna mini wani hoto a wayarshi.

Ni dattijo ne, ku yi mini uzuri,
Abin da na gani ya wuce tsari,
Mace ta ci ƙwallo ta tuɓe a sarari,
Ina aka baro ta, ita kunya?

Ɗiya mace adonta sutura,
Gudu gaban maza abu ne na lura,
Ba zagi nake ba, ina son gyara,
Kar ɗiyanmu su ɗauki wagga hanya.

Bagobirin Tibiri

Baba, Allah shi ƙara girma. Wannan shari'a tawa ce.

Bar mini ita, Bayarabiya ce,
Asisat Oshoala taubashiyata ce,
Wasan Gobir da su daɗaɗɗiyar gado ce,
Ni ke da ikon yi mata dariya.

Masu gida suka fara, gari ya ɗauka,
Kanu ta rama kafin a sauka,
Ohale ta tura ta biyu da ka,
Birisben ta yi tsit kamar makabarta da tsakiya.

Daga benci tawa ta taso da harara,
Minti saba'in da biyu ta lura,
Mai baya da gola sun kasa shawara,
Ta zura ta ta lungu mai wuya.

Murna ce ta kwashe ta,
Alƙaliya ta ɗaga kati ta ba ta,
Hukunci ke nan, Baba, an yi mata,
Barkono ne ya hau kan Bayarabiya.

A faɗa mata gaskiyarta dai: 2015, 2019, 2023, kofi uku tana ci. Ba ɗiyar Afirka da ta riga ta a na mata. Wannan baitin na makabarta ya yi tsawo, na sani, kar Malam ya sa mini jan biro.

Inna ta Bagalam

Malam na Limanci, ina wuni. Ban iya latsa waya ba, ina faɗa ɗiyata na rubutawa.

Jikanka bai gama nuna ma ba,
Akwai ta Maroko da ba ka gani ba,
Nouhaila Benzina ba ta tuɓe ba,
Da lulluɓinta ta fuskanci Koriya.

Kai a rufe, ƙafa a rufe,
Maharan Koriya ga su tafe,
Ta tsaya a baya har ƙarshe, ba a kife,
Farkon mai hijabi a kofin duniya.

Zancen gudu kuma, a yi adalci,
Wa ke daka gero kafin a ci abinci?
Wa ke ɗauko itace a rana da ƙunci?
Wa ke jan guga a bakin rijiya?

Damina ce, je daji ka duba,
Wa ke duƙe a gamana tun asuba,
Ba wanda ya ce ƙarfinta bai dace ba,
Sai da aka ji ƙarfin nan ana biya.

Malamin Lakwal

Inna ta taɓo kuɗi. FIFA ta yi alkawarin dala 30,000 ga kowace ƴar wasa da ta buga rukuni, wadda ƙasarta ta haye kuma 60,000. Dalar Amurka fa, Inna, ba dalarmu ta sefa biyar ba.

Inna ta Bagalam

Na sani, ɗan nan. Da tamu ce ai ƙosaina ya fi ta riba.

Ɗan Kabu-kabun Sabon Gari

Ni na zo tuba ne. Jamus nake bi tun ina yaro, maza da mata.

Ranar da Jamus ta zuba shida,
Na ce Maroko ku koma gida,
Na yi ta cika baki a fada,
Yau ga ni ina neman wurin ɓuya.

Kolombiya ce ta fara karya ta,
Linda Caicedo, sha takwas shekarunta,
Biyu da ɗaya aka tashi aka bar ta,
Da sauran wasa guda da Koriya.

Yau Koriya ta riga ta ci,
Popp ta rama, saura takaici,
A Perth kuwa, daidai wannan lokaci,
Lahmari ta huda ragar Kolombiya.

Mai kofi biyu ta ɗaure kaya,
Ba ta taɓa fita a rukuni ba a baya,
Wadda ta sha shida ta samu hanya,
Wadda ta zuba shida tana filin jirgi da jakar tafiya.

Kolombiya 6, Maroko 6, Jamus 4, Koriya 1. Kuma Maroko wannan ne zuwanta na farko. Wanda ya gan ni a tasha gobe ya hau babur ya yi shiru, zan rage mishi kuɗi.

Bagobirin Tibiri

Ba ni hawa, ba ni shiru. Ga sauran a gurguje, daga Banyana ta Afirka ta Kudu zan fara.

Banyana jiya ta sami rabonta,
Nasarar farko a tarihinta,
Kgatlana a ƙarin lokaci ta zura ta,
Uku da biyu, sai gida Italiya.

Zambiya biyar da biyar aka ɗora mata a ka,
Ta huce haushi a kan Kosta Rika,
Barbra Banda ta ci ƙwallon da ya cika
Dubu a tarihin kofin duniya.

Jamaika ba a ci ta ko guda ba,
Birazil ba ta ga zagayen gaba ba,
Marta ta tafi ba ta ɗaga kofi ba,
Zuwa shida, ga shekaru ga gajiya.

Baba na Limanci

Hajiya, lafiya lau. Jikan nawa na kira shi, ya nemo mini ta Marokon, na gani.

Ta lulluɓi na karɓa, Allah shi yi albarka,
Kan mai tuɓe riga kuwa ba ni sauka,
Zancen daka kuma, Hajiya, kin daka,
Na bar miki turmi da taɓarya.

Ɗiyar Mokoyo

Baba, tun da ka sassauta, bari in faɗi tawa. Ban taɓa faɗinta a fada ba.

A lakwal ni ce mai lamba tara,
Ƙafa ba takalmi, fili duk ƙura,
Ina yanka maza kamar ƙananan yara,
Har aka kai ƙarata wurin Yaya.

Ya ce kin girma, a bar tamola,
Aka ɗora mini tiren talla,
Ba wanda ya ce talla na hana salla,
Ko yawon tasha na rage kunya.

Muna da Mena ta mata a Yamai,
Kofin duniya ba ta je ba ko sau ɗai,
In an hana yarinya tun tana bakwai,
Da me za mu je can, da muciya?

Ƙanwata na aji huɗu yanzu, ƙafar hagu gare ta. Na saya mata takalmi na gwanjo a babbar kasuwa, suna ƙarƙashin gadona. Yaya bai sani ba, kuma ba shi cikin wannan fada, sai in ɗayanku ya kai mishi.

Mai Shayin Zariya

Ba mai kaiwa. Wanda ya kai, shayinshi ba sukari har Tabaski.

Alhajin Kwanar Ɗan Isa

Na yi shiru tun ɗazu ina karanta tafinku.

Kuna ta guɗa kamar ba ku da labari,
An rufe iyaka, ga duhu a gari,
Kuɗin shinkafa na hawa da sauri,
Motata na tsaye a Jibiya.

Wanda ya kashe mini fitila,
Ba ni yi mishi guɗa don tamola,
Litinin ni ina bayan Ingila,
Haushi ne, ba ni ɓoye gaskiya.

Mai Shayin Zariya

Alhaji, sha na biyu ka huce,
Ba Nnadozie ta yanke waya ba, na ce,
Su ma kan haƙƙinsu sai da suka nace,
Da manyan nasu suka sha jayayya.

Sarkinmu na Maradi Sarkin Katsina ake ce mai,
Kakata na Katsina, ƙanena na Yamai,
Sandar Ɗan Isa mota ta tare kawai,
Gulbi na shigowa ba takardar tafiya.

Alhajin Kwanar Ɗan Isa

Gulbi ba shi da direba mai jiran kuɗin abinci,
Ba shi da tumatir da ke ruɓewa da lokaci,
Baitinka ya yi daɗi, aljihuna na ɗaci,
Zan zo kallo, amma ba ni sauya riga ko ɗaya.

Malamin Lakwal

To ga jadawali da agogonmu, kowa ya rubuta. Lahadi 6 ga wata, Afirka ta Kudu da Holan, ƙarfe 3 na dare. Litinin 7, Najeriya da Ingila a Birisben, 8 da rabi na safe. Kuran ba abin dogaro ba ne, sai an nemo gurup. Tele ni zan kawo.

Ɗan Kabu-kabun Sabon Gari

Gurup akwai na maƙwabcina mai walda, zan ɗauko shi a babur. Esansi ne ba ni iyawa, kun san yadda kwalba ta koma.

Inna ta Bagalam

Koko da ƙosai na safiyar Litinin nawa ne,
Wanda ya zo da kofinshi ɗana ne,
Alhaji ma a ba shi, ai baƙin ciki ne,
Mai bayan Ingila a rage mishi yaji da miya.

Ƴar Mokoyo, ki zo da ƙanwar taki ta zauna kusa da ni.

Baba na Limanci

Malam, ita ta lulluɓin yaushe za ta sake bugawa? Don jikana nake tambaya.

Malamin Lakwal

Talata 8, Baba, ƙarfe 12 na rana. Maroko da Faransa.

Alhajin Kwanar Ɗan Isa

Da wa ka ce? Faransa?

To esansin Talata a wuyana yake,
Lita biyar, a zo a ɗauke,
Ran nan bakina da guɗa a sake,
Na Litinin kuwa ku yi karo-karo ku biya.

Baba na Limanci

A aje mini kujera Talata, can baya kusa da ƙofa, in an kira azahar in fita ban taka kowa ba.

Mai Shayin Zariya

An aje, Baba. Na Litinin jikka-jikka ne kan kowane namiji, a kawo wurina kafin daren Lahadi. Bagobiri, kai jikka biyu, taubashiyarka za a kalla. Batir ya yi ja, na uku ya nuna, wanda ke kusa ya zo da kofi.