Windows 7 ta ƙi karɓar sabuwar firinta, a taimaka min

Assalamu alaikum 'yan'uwa masana kwamfuta. Ina da shagon buga takardu, kuma tsohuwar kwamfutar tebur nake aiki da ita, mai Windows 7 ta 64-bit da SP1. Na sayo sabuwar firinta, na sa direbarta (manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da firintar), amma shiru kake ji. A Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin da ke haɗe da kwamfuta, alamar nan mai ruwan ɗorawa ce a jikinta, da Code 52, wai ba a iya tantance sa hannun direbar ba, wato hatimin dijital da ke tabbatar da sahihancinta. Na canza waya, na canza ramin USB, duk ɗaya.

Wani mai gyara ya ce sai na sa wata sabuntawa (update) ta Windows mai lamba KB4474419, domin Windows 7 ta gane nau'in sa hannu mai suna SHA-2 da sababbin direbobi ke zuwa da shi. To Windows Update ɗin ma ta ƙi tafiya. Na san tun 14 ga Janairun 2020 aka daina tallafa wa Windows 7, amma komawa Windows 10 ba zai yiwu min ba, domin tsohuwar sikana ta a Windows 7 kaɗai take aiki, kuma da ita nake samun na cefane.

Don Allah, zan iya sauko da KB4474419 a wata kwamfutar in sa da filashi? Ko akwai wani update ɗin da ya kamata ya riga shi shiga?