Taƙaitawa: Yoyon Batir a Fitilun Ɗaukar Hoto na Ƙarƙashin Ruwa

Ga abin da na tattaro daga wata doguwar tattaunawa da aka yi kan yoyon batir a waɗannan fitilu da yadda ake magance shi.

1. Kowa ya yarda batirin alkalin ne ke jawo yawancin ɓarnar. In ya daɗe a cikin fitila sai ya zubo ruwa mai cin ƙarfe, ya bar farin gari a kan madannin, wato ƙarafan da batir ke taɓawa. A koma batirin NiMH mai caji irin Eneloop, a kuma cire shi bayan kowane nutso.

2. Farin garin nan, ruwan khal ko na lemun tsami ke kashe shi. A diga a kan auduga, a goga har kumfar ta tsaya, a bi da sifirit, a bar murfin a buɗe kwana ɗaya.

3. In ruwan teku ya shiga, a zubar da batiran nan take, a ɗauraye gidan batir da ruwa mai daɗi. Batirin lithium 18650 da gishiri ya taɓa yana iya kamawa da wuta, kada a sake caja shi.

4. An rabu kan tsatsa. Wasu na kankarewa da sanfefa mai laushi, wasu sun ce tana cinye ruwan zinaren madannin, magogin fensir ya isa. Na fi karkata ga na biyun.

5. Robar murfi: gashi ɗaya ko ƙwayar yashi ta isa ta shigo da ruwa. A shafa man da kamfanin ya tanada kaɗai, wani man yakan kumbura ta.

6. Kada a buɗe cikin fitilar a gida. Kafasitarta, wato na'urar da ke tara wuta a ciki, na riƙe da wutar lantarki mai ƙarfin wajen bolt 300 ko da an cire batir.