Muhawara: Sauya haƙoran difarans bayan an ɗaga mota, gyara ne ko yaudara?

Mai Hilux, Makka:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na kawo ƙorafi ne gaban wannan zaure, domin abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na ɗaga Hilux ɗina, wato na ƙara mata tsayi, na cire tayoyinta masu kusan inci 31 na sa masu inci 35, kuma tun daga lokacin motar ta yi sanyi. A hawan Hada zuwa Ɗa'if sai na koma giya ta biyu a wuraren da a da nake wucewa da ta uku, kuloci yana ƙauri idan na tashi da kaya, shan mai kuma ya ƙaru. Makanikin da ya yi aikin bai faɗa mini haka za ta faru ba, amma yanzu ya ce sai an sauya haƙoran difarans na gaba da na baya, wato giyar da take raba juyi zuwa tayoyi, kafin ƙarfin motar ya dawo. A ganina wannan yaudara ce: a sayar maka da cuta, sannan a dawo a sayar maka da magani.

Makaniki a Sana'iyya, Jidda:
Wa alaikumus salam Alhaji. Abin da ya faɗa maka gaskiya ne, ko da yake ya kamata ya faɗa tun kafin ya ɗaure tayoyin. Idan babban faifan difarans yana da haƙori 41, ƙaramin da ke juya shi yana da 10, to farfela, wato sandar da take kawo juyi daga giya zuwa difarans, tana juyawa sau 4.10 kafin taya ta juya sau ɗaya. Babbar taya tana cin ƙasa mai yawa a kowane juyi, saboda haka injin yana jan nauyin ne a ƙasa da juyin da aka tsara masa. Lissafin ba ɓoyayye ba ne: ka ninka 4.10 da 35, ka raba da 31, za ka samu kusan 4.63. Mafi kusa da wannan a kasuwa shi ne 4.56, wato haƙori 41 da 9, kuma wanda yake yawan lodi ko hawan dutse yakan zaɓi 4.88. Dole na gaba da na baya su zama iri ɗaya, in ba haka ba ranar da ka sa dabal, wato tayoyi huɗu suna ja tare, a ƙasa mai tauri wani abu zai karye. Idan aka yi haka ƙarfinta zai dawo.

Malamin makaranta, Madina:
Usta makaniki, da girmamawa, kalmar ƙarfi ba ta dace a nan ba, kuma irin wannan magana ce take sa mutane su ji an cuce su. Injin bai rasa ko doki ɗaya ba daga dawakan da ake auna ƙarfinsa da su ranar da aka sa manyan tayoyi, kuma ba zai ƙara ko ɗaya ba ranar da aka sauya haƙora. Abin da yake sauyawa shi ne yadda ake musanya gudu da ja.

Makaniki a Sana'iyya, Jidda:
Malam, direba ba ya auna ƙarfi a cikin injin, yana auna shi ne a inda taya ta taɓa kwalta. Motar da ta kasa tashi da lodi ba tare da an ƙona kuloci ba, duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari zai ce ba ta da ƙarfi.

Malamin makaranta, Madina:
To ashe giya ta ɗaya ta fi ta biyar ƙarfi ke nan, alhali injin ɗaya ne yake juya su duka biyun. Idan muka yarda kowa ya kira abin da ya ga dama ƙarfi, gobe wani zai sayar wa ɗan'uwanmu ƙarfe ya ce masa ya ƙara dawakai.

Mai Patrol, Riyad:
Ni dai ina bayan Malam. Kuma gaskiyar da ake kauce wa ita ce motar da aka haifa da ƙarfi ba ta buƙatar wannan wahala. Na ga Patrol da manyan tayoyi tana hawa tudun rairayi a Sumama ba tare da an buɗe mata difarans ba. Hilux motar gona da kasuwa ce, ba a yi ta don inci 35 ba.

Ɗan Gadarif, mazaunin Jidda:
Ɗan'uwa, ka iya bakinka a kan abin da ba ka gani ba. Ka je Gadarif ta Sudan da damina, lokacin da baƙar ƙasar nan take kama taya har ta cika gidanta da laka, ka ƙirga motocin da suke fitar da mutane da buhunan riɗi daga gonaki. Toyota za ka gani. Wasa a rairayi ranar Juma'a da yamma daban, neman abinci daban.

Mai Patrol, Riyad:
Yaya, ba mu zo nan don a raba mu gida biyu, 'yan Sudan da haifaffun Saudiyya ba. Na yi maganar mota, kai ka mayar da ita maganar wanda ya san wahala da wanda bai sani ba, kuma wannan bai kamace ka ba.

Tsohon direba, Ɗa'if:
'Ya'yana, kun bar abin da zai iya kashe mutum kuna jayayya a kan kalma. Da taya inci 35 a gurbin 31, idan agogon gudu ya nuna 100, motar tana tafiya kusan 113 ne, kuma kyamarar Sahir mai kama masu wuce ƙa'idar gudu ba ruwanta da abin da agogonka ya nuna. A motocin da suke ɗaukar gudu daga na'urar da ke jikin taya, sauya haƙora ma ba zai gyara agogon ba, sai an saita shi daban. Abin da ya fi damuna shi ne gangaren Hada. Taya mai nauyi da faɗi tana wahalar da birki, mota mai tsayi tana karkata a kwana, kuma idan haƙoran ba su dace ba, injin ba ya riƙe motar sosai idan ka sauko da giya, sai ka dogara da birki har ya yi zafi. Sannan ku tuna cewa laifi ne a sauya fasalin mota ba tare da bin ƙa'idar 'yan sandan hanya (Murur) ba, kuma akwai fahas, wato gwajin lafiyar mota, a gaba.

Malamin makaranta, Madina:
Baba ya yi gaskiya, kuma ku lura bai ce ƙarfi ba ko sau ɗaya.

Mai kula da zaure:
Za mu rufe wannan batu a nan. Abin da ya fito fili shi ne masu sana'a sun yi bayani da lissafi, kuma babu wanda ya rushe lissafin Usta, saboda haka sauya haƙora gyara ne na gaskiya da yake dawo da ƙarfin mota. Ni kaina na sa 4.88 a Toyota ɗina, na bi ta a hankali a kilomitocin farko sannan na sauya man difarans, ban kuma ji kukan komai ba. Gardamar kalma da zancen Patrol ba su ƙara mana komai ba.

Mai Hilux, Makka:
Shugaba, ka yi haƙuri kafin ka rufe. Ban tambayi ko aikin yana amfani ba. Na ce mutumin ya karɓi kuɗina ya ɗaga mota alhali ya san abin da zai biyo baya, ya yi shiru, kuma har yanzu babu wanda ya ce mini ko hakan daidai ne.